Duwatsun da Na Yi Ta Sharewa a Kabarin Mama Hendrika

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Mama Hendrika, kuma yau zan karya alkawarin da na yi mata.

Ni ba 'yarta ba ce. Aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni gidanta a Pleasant Garden, ban daɗe da zuwa daga Kafanchan ba. 'Yar ƙasar Holan ce, aure ya kawo ta Amurka, mijin ya rasu ba su haihu ba. Shekara huɗu ina yi mata wanka, ina taje mata kai. Na ce mata a wurinmu ba a kiran babba da sunansa gatsau, don haka Mama zan riƙa ce mata. Ta ce, "Na yarda, Ladi, in za ki rage barkono a miyata."

Wata rana da hantsi ina yanke mata farce, ta ba ni labarin. A yaƙin duniya na biyu, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsu suna farautar Yahudawa, tana budurwa, tana kai madara gari a kan keke. In za ta koma ƙauye, wani lokaci akan ɗora mata ɗan Yahudawa a bayan keken, ta kai shi gonar da za a ɓoye shi. A shingen sojoji sai ta ce ɗan yayarta ne.

Na ce, "Mama, ashe ke jaruma ce!"

Ta janye hannunta. "Jarumar ina? Duk sanda na wuce shingen nan sai na laɓe bayan bishiya na yi amai. Akwai ranar da aka kawo mini wata yarinya na ce ba zan iya ba, har yau ban san abin da ya sami yarinyar ba. Ki yi mini alkawari ba za ki kai maganar nan cocinku ba. Na san ku, ganga za ku ɗauko."

Na yi alkawarin, na kuma riƙe shi.

Bayan an binne ta, duk wata nakan je kabarin da tsintsiya. Sau da yawa sai in tarar da ƙananan duwatsu a kansa, in share ina mita. Shekara uku ina haka. Wata Lahadi bayan sujada na iske wata mata mai furfura tsaye a wurin. Ta dubi tsintsiyar, ta dube ni.

"Ashe ke ce! Ni kuwa na yi ta zagin masu yankan ciyawa."

Sunanta Rahila. Tana 'yar shekara biyar aka ɗora ta a keken nan. Ta ce su Yahudawa ba fure suke ajiyewa a kabari ba, dutse ne, alamar an zo, ba a manta ba. Ta girma, ta nemo Mama har ta same ta, Mama ta sa ta alkawari irin nawa. Dutsen ne kawai godiyar da aka bar mata, ni kuwa ina bi ina sharewa. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ita dariya ta yi har da hawaye.

Kwanan nan talabijin na nuna mutanen Kosobo suna gudun yaƙi da yara a kafaɗa. A gidajen hayarmu na High Point Road ma akwai iyalin da yaƙin Bosniya ya koro. Nakan tambayi kaina me Mama za ta ce. Ina jin kashe talabijin ɗin za ta yi, ta tambaye ni ko na kai musu abinci. A da na ɗauka jarumi shi ne wanda ba ya tsoro. A wurinta na gane cewa mutum ne mai jin tsoro, wanda ya taɓa kasawa, amma gari na wayewa ya sake hawa keke.

Mama ba ta bar ɗa ba, gidan ma an sayar. Abin da ya rage nata mutane ne masu rai, kuma suna ƙarewa. Anti Rahila tana asibiti yanzu, jikin ya yi nauyi. Makon jiya ta kama hannuna ta ce in rubuta komai, har da yarinyar da ba a ɗauka ba, domin ita ma a tuna da ita.

Na ce, "Anti, alkawarin fa?"

Ta ce, "Rubuta abinki. Ni zan riga ki isa wurinta, faɗan ni zan sha."