Matar da Ta Ƙi Sayar Mini da Magani

Ƙarfe bakwai da rabi Mama Remi take buɗe kemis ɗinta a Sabon Gari, a layin da ke gangarawa Chikaji. Ta share ƙofa, ta kakkaɓe kwalabe, sannan ta jawo benci ta ajiye a waje inda haske yake. Bencin nan ba na hira ba ne. Duk wanda ya zo da ƙaiƙayi ko ƙuraje a kansa zai zauna, don ita ba ta duba fata a duhun shago. Ta leƙa tsakanin yatsu, ta sa a buɗe baki, sannan ta yi tambayar da ta jawo mata baƙin jini a unguwar: me ka sha a cikin sati ukun nan?

Sunanta na gaskiya Oyindamola. A Sabon Gari aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Hausarta kuwa ta fi tawa. Ta yi shekara tara tana ba da magani a asibiti kafin ta buɗe shagon nan, yau shekara ashirin da shida. A duk tsawon shekarun, ladan da ta samu daga bakin mutane shi ne sunaye: mai korar ciniki, mai tambaya kamar ɗan sanda.

Laifinta shi ne ba ta yin haɗi. Mata kan zo da robar man shafawa, su ce a matse musu kirim uku ko huɗu a ciki don fata ta yi haske. Sai ta zaunar da su, ta ce kirim ɗin nan magani ne mai ƙarfi da ake shafawa na 'yan kwanaki a wuri ɗaya, ba mai ba ne. Satin farko fuska ta yi sumul, bayan wata shida fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta tsattsaga hannu, makero ya yi ta yaɗuwa a ɓoye. Su saurara, su yi tsaki, su tsallaka titi, wani marar tsoron Allah ya matse musu yana murmushi. Shi ne mutumin kirki, ita ce mai baƙin hali.

Ni ma na taɓa zaginta, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

A daminar 2006 ƙanwata Hafsatu, mai ɗinki a Samaru, ta kwanta da zazzaɓi. Aka sayo mata ƙwayoyi wurin mai tallan magani a tire a bakin tasha. Kwana takwas tana sha, sai idanunta suka yi jawur, leɓɓanta suka tsattsage, jajayen ƙuraje suka feso mata daga ƙirji har baya. Gwaggonmu ta duba ta ce alhamdulillahi, ciwon ne ke fitowa, maganin ya kama aiki, kada a kuskura a daina, in aka daina zai koma ciki. Duk gidan muka yarda. Ni da nake koyar da yara kimiyya a sakandare, da digirina a rataye a bango, ni ma na gyaɗa kai. Har wata maƙwabciya ta kawo haɗinta aka shafe yarinyar da shi.

Ƙwayoyin suka ƙare, mai tire bai fito ba, na ɗauki fankon katin maganin na shiga motar Sabon Gari. Allah Ya kai ni shagon Mama Remi. Ta juya katin, ta tambayi na waye. Na ce na ƙanwata ne, har ina yabon maganin, na ce ya fito da ciwon duka waje. Ta tambayi bakinta, ta tambayi idonta. Da na faɗa mata, sai ta jefa katin cikin aljihun rigarta.

“Malam, ba zan sayar maka ba,” in ji ta. “In kuma ka je ka saya a gaba, da hannunka ka kashe ta. Ba ciwo ke fita ba, maganin ne ke ƙone ta.”

Na fusata. Na ce mata ita ba likita ba ce, mai shago ce, ta sayar ko ta ba ni katina. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ba mutanen da ke kan benci haƙuri, ta rufe shago da hantsi, ta ce in wuce gaba in kai ta gidanmu. A mota ta yi mini bayanin cewa ƙwayoyin na dangin sulfa ne, mutane da yawa suna sha lafiya, amma akwai jikin da ba ya karɓarsu, kuma kowace ƙwaya da aka ƙara wuta ake ƙarawa.

Gwaggo ta tare ƙofar ɗaki, ta ce ba wadda za ta zo daga Sabon Gari ta koya mata jinya. Mama Remi ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙi a bari ta ga yarinyar kawai, har Gwaggo ta kauce. Ta ɗora yatsa a hankali a dantsen Hafsatu, fatar ta zame kamar ɓawon tumatir da aka zuba wa ruwan zafi. Mama Remi ce ta tare mota, ita ta riƙe kan Hafsatu a cinyarta har asibitin Shika, ita ta miƙa wa likita katin nan da ta hana ni.

Sati biyar Hafsatu ta yi a kwance. Likita ya ce da ta ƙara kwana biyu tana sha, da wata maganar ake yi. Ta rayu, amma idanunta sun bushe, ba sa yin hawaye, kullum sai ta ɗiga magani. Ranar da aka sallame ta Mama Remi ta yanko kwali, ta rubuta da jan biro, da Hausa da Turanci: kada a ba ni maganin sulfa. Ta ce ta riƙe shi yadda take riƙe makullin shagonta. Daga baya na gane irin wannan kati yana aljihun mutane da yawa, daga Hanwa har Chikaji.

Ƙarshen watan nan Mama Remi za ta rufe, gwiwa ta ƙi, za ta koma wurin ɗanta Remi. Ba walima, ba takardar yabo, ba ko kujerar haya guda. Wanda zai karɓi shagon kuwa har ya sa an zana masa allo da hoton mace fara tas. Abin nan yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Mama, ke ce kika sha zagi don ki tsare fatar masu zaginki. Ke ce kika bar ciniki a kan benci kika bi wanda ya ci mutuncinki zuwa gidansu. Mai dubawa kafin sayarwa, mun yi miki butulci.

Ku masu kemis, ku fito da benci waje, ku tambayi mutum me ya sha. Mu kuma, in ƙuraje suka feso bayan shan magani, baki ya tsage, ido ya yi ja, mu daina cewa ciwo ne ke fita, mu ajiye maganin mu nufi asibiti da katinsa a hannu.

Jiya na kai Hafsatu ta yi mata sallama. Kafin a gama gaisuwa Mama Remi ta ce, “Ina katinki?” Hafsatu ta zaro shi daga jaka, ya yi laushi don tsufa. Mama ta yanko sabon kwali ta sake rubutawa. Ƙanwata ta rungume ta, tana kuka idanunta a bushe. Na gode, Mama. Hawayen da ta kasa zubarwa, ni na zubar da su a tsaye a kan titi.