Maganin da maigidana ya hana a ba 'yarmu

A lokacin da wannan abu ya same ni, ina zaune a cikin garin Daura da yarana uku, ina ɗan ɗinki a gida. Maigidana fataucin dabbobi yake yi, yana bin kasuwannin ƙauye da awaki da tumaki, ya yi sammako sai bayan la'asar a gan shi. Mutum ne mai tausayin iyalinsa, amma in ya ce a'a ba a sake tayar da maganar, ni kuma ban taso da ja-in-ja da miji ba. Na rubuto ne saboda iyaye 'yan'uwana da ke zaman jinyar yara.

Suna muka je Dutsi, gidan yayata. An sauke tukunyar kunu daga murhu, yara suna guje-guje a tsakar gida, sai autata, mai shekara biyar a lokacin, ta yi karo da ita. Kunun ya kwarare mata a ciki da cinya. Aka zuba mata ruwan sanyi, aka nemo mota muka dawo asibiti a Daura, aka ba mu gado a ɗakin yara. Likita ya ce ƙunar za ta warke, amma kullum da safe sai an kwance bandeji an wanke an sake ɗaurewa. Ya rubuta magani mai ƙarfi da za a riƙa ba ta kafin kowane wanki.

Da maigidana ya je wurin karɓar magani ya tambayi ko wane iri ne, aka ce masa dangin tiramol ne. Ya dawo fuskarsa ta canza. Yana da ƙane ɗan acaɓa wanda ya taɓa faɗuwa a babur, ya fara sayen ƙwayar nan a kemis don ciwon kafaɗa, bai bari ba har ta raba shi da babur da mata, yanzu a tasha yake kwana. Maigidana ya ce muddin yana numfashi ba ɗansa da zai ɗanɗana ta. Nas ɗin da ke kula da mu, wata mace mai sanyin murya wadda yara ke kira Anti, ta so yi masa bayani, ya ce ya gode amma ya gama magana. Ta sanar da likita, aka bar yarinya a kan farasitamol.

Matar nan ta yi iya ƙoƙarinta. Ba ta bari lokacin magani ya wuce. Takan jiƙa bandejin ta jira ya saki da kansa, ba ta fizga. Ta hana a danne yarinya a gado, ta ce a cinyata za ta zauna, fuskarta a ƙirjina. Takan hura safar hannu ta zana mata ido da baki, ta ba yarinyar ta riƙe. Kuma ba ta taɓa ce mata ba zafi ba. Sai ta ce nan zai yi zafi, mu hura iska tare. Duk wannan ya rage, amma bai isa ba. Kwanakin farko ihunta har bakin ƙofa. Daga baya ta daina ihun, ta daina cin abinci, ta naɗe ƙafar ta ƙi miƙewa. Da ta ji ƙarar keken kayan wanki sai fitsari ya kufce mata. Ni na ɗauka ta fara sabawa ne. Nas ta nuna mini yadda take cije baki, da yadda numfashinta ke sauri, ta ce yaron da ya gaji da kuka ba sauƙi ya samu ba. Ta kuma ce in ta ci gaba da naɗe ƙafar, fatar za ta warke a ɗaure.

Shi kuwa maigidana da yamma yake zuwa, da ayaba a leda, ya tarar da ita kwance shiru. Ya tambaye ni ya jiki, in ce da sauƙi. Wata rana nas ta ji ni, ta ja ni baranda ta ce, "Maman yarinya, 'da sauƙin' nan naki shi ke hana ta magani. Bai ga abin da muke gani ba." Da kanta ta same shi, ta ce ba ta zo musu ba, roƙonta kawai ya zo gobe da safe ya riƙe 'yarsa, in ya gani sai ya yanke abin da ya ga dama.

Ya bar kasuwar ranar ya zo. Ya ɗora yarinyar a cinyarsa, aka fara kwancewa. Da aka kai inda bandeji ya manne da nama, ta ɗago ta dube shi ta ce, "Baba, ka ce su bari, ba zan ƙara gudu ba." Ashe duk kwanakin nan ta ɗauka horo ake yi mata don ta zubar da kunu. Nan take ya ce a tsaya. Nas ta rufe wurin da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta durƙusa ta gaya wa yarinyar cewa ba wanda ke fushi da ita. Sannan ya yi tambayar da ke cinsa: shin za ta zama kamar ƙanensa? Nas ta ce ƙanensa shi kaɗai ya riƙa saye yana sha, ba awo ba mai dubawa. Wannan kuwa da nauyin yarinya ake auna shi, a kulle yake, don wankin kawai za a bayar, ita za ta tsaya tana duba numfashinta, kuma ana ragewa yayin da ciwon ke warkewa, ba za mu tafi gida da shi ba. Sai ya ce a ba ta. Aka jira maganin ya kama, aka ƙarasa. Ta yi kuka, amma kukan yaro ne na yau da kullum, kuma kafin azahar ta ce tana son fura.

Daga nan ta yarda ana miƙe mata ƙafa. Kafin a sallame mu an janye maganin gaba ɗaya, ba ta taɓa nemansa ba. Yanzu tana makaranta, tabo ya rage mata a cinya, tafiyarta lafiya lau. Sau ɗaya maigidana ya tayar da zancen, ya ce da ma na gaya masa halin da take ciki tun farko. Gaskiya ya faɗa, ko da yake shi ma bai bar ƙofar da za a faɗa masa ba.

Ban ga laifin tsoronsa ba, duk wanda ƙwaya ta shigar wa gida ya san abin da ya gani. Amma iyaye, in an rubuta wa ɗanku magani kuna shakka, ku zauna da nas ku tambaya har ku gamsu kafin ku hana. Masu zaman jinya kuma ku faɗi abin da idonku ya gani ga wanda ke yanke hukunci, ko da ba zai ji daɗi ba. Kuma ku tambayi yaron abin da yake zato ana yi masa. Mu manya mun san magani ake yi, shi ba lallai ya sani ba.