Abin da Aka Kwance Daga Motar Hamisu

Harira ba ta nemi aikin sito ba. Haifaffiyar Unguwar Dosa ce, mahaifinta akawu ne a gwamnati har ya yi ritaya, kuma da ta gama karatu abin da ta sa a rai shi ne tebur a ofis, ƙarƙashin fanka. Sai aka tura ta garejin wata ma'aikata can gefen Kawo, inda ake gyaran motocin aiki, aka ce ta riƙa taimaka wa tsohon da ke kula da ɗakin kayan gyara. Tsohon bai daɗe ba ya rasu, makullai suka dawo hannunta.

Da farko makanikai wasa suka mayar da ita. Wani ya taɓa zuwa da fuskarsa a ɗaure ya ce ta ba shi filogin motar gas. Ta yi ta dube-dube a kanta tana zufa, su kuma suna bakin ƙofa suna ƙunshe dariya, don motar gas, wato mai shan dizal, ba ta amfani da irin wannan filogi. Ba ta yi fushi a gabansu ba. Ta koma wajen Sabo, babban bakaniken garejin, ta riƙa tsayawa a kansa idan yana aiki, tana tambayar sunan kowane ƙarfe. Sannu a hankali aka daina dariya, aka koma kiranta Hajiyar Sito tun kafin ta je Makka.

A nan ta haɗu da Hamisu, direban wata farar akori-kura, mutumin Zamfara da ya shigo Kaduna yana yaron mota. Mutum ne mai barkwanci, mai son motarsa kamar ya goya ta. Danginta sun ɗan ja baya, suna cewa me 'yar boko za ta yi da direba, amma ta kafe. Aka ɗaura aure, suka kama haya a Unguwar Shanu, Allah ya ba su 'ya ɗaya, Lubna. A gida Maman Lubna yake ce mata. A wurin aiki kuwa sai ya leƙo ta tagar sito ya cire hula ya ce, "Ranki ya daɗe, talaka na neman baƙin mai."

A shekarunta na farko siton cike yake. Batir, lagireto, takalmin birki, fitilu cikin kwalayensu, har sai an taka tsani. Daga baya abubuwa suka fara ja da baya. Kaya ba su zuwa sai jefi-jefi, kantoci suka yi fayau. Garejin ya koyi wata sabuwar rayuwa: a kwance matacciyar mota a tayar da mai sauran numfashi. A bayan sito, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, gawarwakin motoci suka yi layi a kan duwatsu, ciyawa na fitowa ta cikin kujerunsu.

Wata damina tayoyin motar Hamisu suka siɗe, har zare ya fara leƙowa a ta gaban. Harira ta nemi a kawo wasu, ta sake nema. Ana nan sai ga sababbin tayoyi sun iso, daidai girman nasa. Ba ta gama shigar da su ba Injiniya Bashir, shugaban garejin, ya shigo.

"Hajiya, waɗannan na motocin manya ne. Akwai tafiya a makon nan."

"Yallaɓai, ko biyu a bar mini. Ka ga ta gaban motar Hamisu kuwa?"

"Na gani." Ya kau da kai. "Ni ma umarni aka ba ni. Ki yi haƙuri, wasu na tafe."

Da yamma a gida ta ce wa mijinta ya ajiye motar, kada ya ƙara fita sai an sake taya. Hamisu ya yi dariya yana wanke hannu.

"Maman Lubna, direban da ba shi da mota mi yake? In an tashi rage ma'aikata da shi ake farawa. Gobe in kai ta wajen mai faci, ya sa mata ƙyalle ta ciki. Wagga mota ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Bayan 'yan kwanaki aka aike shi kai bututun rijiyar burtsatse wani ƙauye gaba da Katabu. Ya kai lafiya. A hanyar dawowa, ana yayyafi, tayar gaba ta fashe. Motar ta ƙwace, ta bar titi, ta wuntsila cikin kwari. Leburorin da ke baya sun tsira da ƙujewa da karaya. Hamisu kuwa sai da aka ɓalle ƙofa aka zaro shi. A asibiti likita ya kira Harira gefe ya gaya mata cewa lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ƙara ji ba.

Ta yi watanni tana jinya. Ranar da ta koma aiki, ta tarar janwe ta daɗe da kawo motar, an ajiye ta a ƙarshen layin nan na bayan sito, rufinta a lotse. Injiniya Bashir ya zo ya yi mata sannu, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi. Injin motar lafiya lau yake, giyarta ma haka, ga motoci birjik suna jira. Dole a kwance ta, kuma duk abin da aka cire sai ya bi ta sito.

"In ba za ki iya ba, in sa wani ya karɓa," in ji shi.

"Aikina ne, Yallaɓai," ta ce.

Haka ta tsaya Sabo da mutanensa suna kwancewa. Suna kawowa, tana dubawa, tana ɗaura wa kowanne alama, tana jerawa a kanta. Lagireto, batir, fitila ɗaya da ta tsira, madubin gefe. Da aka zo cire kujera, Sabo ya zaro silifas ɗin alwala da 'yar buta daga ƙarƙashi. Ya tsaya riƙe da su, bai san inda zai kai ba. Ta miƙa hannu ta karɓa, ta shiga can ƙuryar sito inda ba mai ganinta. Ta daɗe ba ta fito ba, su ma ba wanda ya kira ta.

A gida Hamisu yana kwance a falo, inda aka dawo da gadonsa don ya riƙa ganin masu shige da fice. Labari ya riga ya kai masa. Tana ajiye jaka ya ce, "Mi aka cire yau?"

Ta so ta ɓoye, amma ta ga yadda ya zuba mata ido. Ta faɗa masa. Daga nan abin ya zama hirarsu ta kullum. Yana son ya ji wace mota aka sa wa giyar, wa ya samu batir. Da ya ji an ɗora injin a motar wani direba mai suna Nazifi, sai ya ce, "Ki gaya mai kar ya riƙa fizgar ta da sanyin safiya. Ya bari ta yi ɗumi." Ta isar da saƙon. Wani lokaci yana ba da irin wannan saƙo har da murmushi. Wani lokaci kuma ya juya fuska bango, ya ƙi abinci, ya ce ina ma shi ma za a iya cire wani abu a jikinsa a amfana.

Da farko direbobi kan zo gaishe shi ranar Juma'a, su cika falon da hayaniya. Sannu a hankali suka ragu, sai Sabo kaɗai. Ranar da abin cirewa ya ƙare, aka sayar wa 'yan gwangwan ƙwarangwal ɗin, Harira ta dawo gida bai tambaye ta komai ba, bai kuma sake tambaya ba.

Kwanciya ta ci bayansa, gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa duk da wankin da ita da Lubna suke yi safe da yamma. Cikin zafin bazara zazzaɓi ya kama shi, kafin a yi wani abu ya cika. Injiniya Bashir ya zo jana'iza, ya zauna nesa, ya tafi bai nemi ganinta ba. Ita ma ba ta riƙe shi a rai ba. Abin da ke cinta shi ne da hannunta ta miƙa tayoyin nan, kuma har yau ba ta san me ya kamata ta yi ba a ranar.

Ta fita takaba ta koma aiki. Ba a daɗe ba aka yanke rabin filin garejin za a yi gini, aka rushe tsohon siton. Ɗan abin da ya rage aka zuba a wata kwantena, aka huda mata taga. A ciki Harira take zama yanzu, gashinta ya fara fari, zafin ƙarfen yana dukanta tun daga hantsi. Wata rana a yini ba wanda ya zo neman komai.

In an yi la'asar takan rufe kwantenar, ta taka zuwa bakin titi ta hau Keke zuwa Unguwar Shanu. Lubna ta girma, ita ke girki yanzu. Sun fitar da gadon daga falo, sun ba wani maƙwabci. Sukan shimfiɗa tabarma a gefe su ci tuwonsu, wajen da gadon ya tashi kuwa har yanzu ba su sa komai ba.