Injin Yaya Wendell ba na 'yan gwangwan ba ne

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, matarka Loretta ta kira ni daga garin Kokomo ta ce zuciyarka ta tsaya da hantsi, Yaya Wendell. Na yi kuka. Amma yau da fushi nake rubuta maka.

Tun rasuwar Baba kake riƙe da tsohuwar motarsa, Plymouth mai silinda shida a jere, injin da aka kwantar gefe guda don bonet ya yi ƙasa. Kakan ce injin nan mai gaskiya ne, ba ya ɓoye komai, duk inda ya lalace hannu na kaiwa. Shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe gari, 'yata Charlene na naƙuda, sababbin motocin unguwa duk suka ƙi tashi. Taka ta yi tari sau ɗaya ta kama, ka kai mu asibiti. Kowace Lahadi kuwa kai ke kwasar tsofaffin matan layinku zuwa coci, kana jure mitarsu.

To, ka ji abin da ka bari. A wajen cin abinci bayan jana'iza, furannin kabarinka ko yaushi ba su yi ba, na ji ɗanka Dwight na shirya wa ƙannensa yadda za su cire injin su kai wa 'yan gwangwan, su dasa mai silinda takwas, mai gudu da ƙara. Na tambaye shi ko kunya ta ƙare a gidanku. Da cinyar kaza a bakinsa ya ce, "Haba Gwaggo, injin nan ko keke ba zai tsere wa ba. Ya tsufa."

Na ce, "Ubanka ma ya tsufa. Da ka kai shi bola?"

Laifinka ne, Yaya. Ka yi ta gyara wa yaran nan motoci, ba ka taɓa tilasta musu riƙe sifana ba. Wanda bai sha wahalar abu ba, ƙararsa kawai yake so.

Loretta ta ba ni makullin. Motar na garejina a kulle, kuma muddin ina numfashi ba mai kwance ko noti ɗaya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya ba ka hutawa. Loretta, Allah Ya ba ki haƙuri. Ku kuma yara, ina muku ta'aziyya, Allah Ya shirye ku.

Ƙanwarka,
Marlene Hostetler