Watan da hayaƙi ya ɓoye a Salaga

Shekarar da azumi ya faɗo lokacin ƙunar daji, sama ba ta washe ba a Salaga. Ina budurwa a lokacin. Mafarauta sun cinna wa ciyawa wuta don su kori gafiya da zomo, manoman doya suna ƙona saura. Makiyayan da suka gangaro da shanu daga Bawku suna turara busasshen kashin shanu saboda ƙuda. Mu mata kuma muna can gindin tukwanen man kaɗanya da daddawa. Duk hayaƙin ya haɗu ya kwanta a kan gari, shuɗi-shuɗi. Rana ta zama jan faifai, kana kallonta ido ba ya zafi. Mutum yana tahowa sai ka ga kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, toka tana sauka a kafaɗarsa a hankali.

Innata mutuniyar Yendi ce, ƙirjinta ya daɗe da cin hayaƙin murhu. A wannan azumin numfashinta ya koma fito. Limamin unguwa ya aiko cewa marar lafiya yana da izinin shan azumi. Ta ce a gaida shi, ita sai ta ga wata. Na san jikin nan ba zai ɗauki ƙarin yini ba.

Ranar duban wata na bi gida-gida ina cewa a kashe murhu. Gwaggona ta ce in fara da dajin, in na gama in dawo ta ba ni ludayi in kwashe na sama. Na ce da ita bakinta ma hayaƙi ne.

Da magariba maza suka taru a bakin masallaci suna ɗaga wuya, ba su ga komai ba. Ni ina bakin rijiya ta bayan gari, guga a hannu. Iska ta ɗan motsa, hayaƙin ya tsage kamar tsohon zane. Ga jinjirin watan nan, siriri, ja-ja, ya jingina a kan wata bishiyar kaɗanya. Kafin in kira matar da ke gefena, wurin ya rufe.

Na koma gida. Inna tana kwance, fuska ga bango.

"Inna, na ga wata."

"Gari bai gani ba, 'yar nan."

"Gari yana kallon hayaƙi. Ni na gan shi."

Ta juyo ta daɗe tana duban idona. Ta san ban iya ƙarya ba, faɗa na iya. Ta tambaye ni ta ina ya tsaya, na faɗa mata. Ta lumshe ido kamar tana nemansa a can ciki.

Washegari gari ya tashi da azumi. Na saki labulen ɗaki, na dama kunun kanwa, na tallafi kanta. Hayaƙi yana shigowa ta ƙasan ƙofa, ita kuma tana kurɓa kaɗan-kaɗan har ta ga gindin ƙwarya.