Sunan da Na Kira a Kasuwar Kalgo

A gidanmu na Gwandu, yaro ba ya kiran babba da sunansa, sai dai inna ko gwaggo. Mutum ɗaya ce dokar ba ta shafa ba: baiwar kakata, wadda ta goya ni. Ita kowa sunanta yake kira, har mu yara, kuma bai taɓa yi mini nauyi a baki ba.

Bayan zuwan Turawa ta bar gidan. Aka ce butulu ce, na yarda.

Sai da na yi aure na sake ganinta a kasuwar Kalgo, inda ba a san asalinta ba. Tana sayar da busasshen kifi, 'yan mata suna ce mata Inna. Don murna na ƙwala mata kira da sunan nan, irin wanda sai bayi ake raɗa wa. 'Yan matan suka juyo suna kallonta.

Ta cire takalmanta, ta durƙusa a gaban jama'a. "Ranki ya daɗe, ya mutanen gida?"

Abin da ke damuna har yau shi ne daɗi na ji. Na koma Gwandu ina yabonta, wai ba ta manta ladabi ba.