Dutsen da Ake Hawa Neman Sabis

Ana idar da sallar asuba muka bar Anka, ni da abokina malamin makaranta, wanda ya ɗora wa kansa hawan duwatsu tun da likita ya yi masa maganar tumbi. Ni kuwa son gani ne kawai. An ba mu labarin wani dutse gaba da Adabka wanda ba shi da hanyar hawa, muka ce ai shi muke nema.

A mota muka je Bukkuyum, muna tsayawa a shingaye ana leƙa fuskokinmu. Daga nan sai kabu-kabu. Da mai babur ya faɗi kuɗinsa na tambaye shi ko har da babur ɗin zai bar mana, ya ce in kai ƙarata wurin masu fetur. Hanya duk zaizaya, dawa ta fitar da kai hagu da dama. Mun isa ƙauyen da ke gindin dutsen ƙugu a sage, mai masaukinmu ya tarbe mu da hoce da fura mai sanyi.

A nan muka ji ashe an riga mu hawa. Duk yankin babu sabis sai a saman dutsen. Don haka kowace Juma'a wani tela mai ƙarfin gwiwa yake tara wayoyin gari a jaka, ya rarrafa sama, ya kira 'ya'yan mutane da ke ci-rani, ya sauko da saƙo. Tsofaffi sai dai su jira a ƙasa.

Da aka ji baƙi za su hau, wata tsohuwa da kowa ke ce wa Inna ta zo da wayarta ƙulle a bakin zane. Ɗanta yana dako a Legas. An ce mata ya kwanta asibiti, daga baya tela ya sauko da labarin ya warke. Damina biyu rabonta da jin muryarsa.

"Tela ba ya ƙarya," in ji ta, "amma yaron ga ɓoye ciwo garai. In nij ji muryatai da kunnena, ina ganewa."

Washegari muka kama hawa, tela a gaba. Ciyawa ta kai ƙirji, ƙarangiya ta yi wa wandona ado, sarƙaƙiya ta ƙwace hular abokina har sau biyu. Wani wurin da hannu da gwiwa muka bi, abokina yana haki yana yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata masa rai. Da muka kai ƙoli kuwa, gajiya ta tafi. Gonaki shimfiɗe har iyakar gani, garken shanu can nesa, iska mai daɗi, wayoyin jaka suna ta kuka gaba ɗaya.

Na kira ɗan Inna da wayarta. Yana ganin lambar ya ɗauka da sauri ya ce, "Inna?" Na ce masa tana gindin dutse. Wallahi na ji kunyar ƙafafuna da suka kawo ni inda nata suka kasa.

A saukowa muka biyo ta gabas, muka ga wani falalen dutse a tsakiya inda sabis ke kamawa, gangarensa kuma da sauƙi, ƙaya ce kawai ta toshe. Bayan la'asar na kawo maganar a dandali: a fitar da hanya. Wani dattijo ya girgiza kai.

"Hanya in ta samu, ba mu ɗai za mu bin ta ba. Kun san halin da aka ciki."

Maganarsa abin dubawa ce. Amma mutanen da yake tsoro ba su taɓa jiran a share musu hanya ba. Waɗanda rashinta ya hana hawa su ne Inna da sa'o'inta. Aka daɗe ana ja, sannan liman ya ce a kira gayya.

Muka ƙara kwana. Gari ya fito da adda da gatari da magirbi, mata suka dama kunu. Abokina ya sari ƙaya ɗaya ya koma ba da umarni. Kafin yamma an buɗe 'yar siririyar hanya mai lanƙwasa har falalen, an jera duwatsu a gefenta don ruwa.

A jaki aka hau da Inna, tana riƙe da wuyansa tana salati. Na danna mata lambar ɗanta, ta kafa wayar a kunne. Ba ta bari ya gama gaisuwa ba ta ce ya yi tari ta ji. Ya yi. Ta ce ya ƙara.

Mun dawo Anka da ƙaya a tafin hannu. A da ina ɗaukar dutse marar hanya abin alfahari ne ga wanda ya hau shi. Yanzu duk wanda na gani sai in tuna da waɗanda ke zaune a gindinsa suna jiran saƙo, kuma adda da yinin gayya ɗaya sun ishe su. Da idona na ga Inna ta sauke wayar, ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi tela ta ce, "Ya warke. Gaskiya kaf faɗi."